Shitu Mai Wuta da Jar Motar Iyatu

A Zongon Wagadugu, in ka ce kana neman Shitu za a tambaye ka wanne, don masu sunan suna da yawa. Amma in ka ce Shitu mai wuta, ko mai suyar ƙosai za ta nuna maka rumfarsa da haɓa ba tare da ta ajiye matsami ba. Rumfar kwano ce a bakin hanya, da benci guda, da akwatin sukurdireba, da wata 'yar kwalba da ba ya barin kowa ya taɓa. A jikin kwanon an rubuta da Faransanci cewa a nan ake gyaran wutar mota. Wanda ya yi rubutun ya daɗe da rasuwa, Allah ya yafe masa wannan ƙaryar.

Ga yadda abin yake. Motocin da ake kira Faransa-orbuwar, wato waɗanda Turawa suka gama cin moriyarsu suka sallama, suna sauka a Lome a kawo su nan da tsufansu da ciwonsu. Kana murɗa makulli sai tablo, allon nan na gaban direba, ya kama kamar gidan biki: ja, rawaya, ruwan lemo, kowace wuta da ƙarar da ta kawo. Mai saye kuwa a garin nan ba ya tsoron inji mai tari, ba ya tsoron hayaƙi, kai ko ƙofa ce ta ƙi rufuwa sai ya ce ai akwai igiya. Amma 'yar wuta rawaya guda ɗaya ta isa ta sa ya mayar da hannu aljihu ya ce zai je ya yi shawara. To a nan ne dillalan mota suke tunawa cewa Allah ya halicci Shitu.

Ba da wannan sana'ar ya tashi ba. Mahaifinsa, Malam Waliyullahi, daga Kano ya taso da buhun littattafai, ya zauna a tsohuwar unguwa kusa da Kamsawgin yana karantarwa har ƙarfinsa ya ƙare. Kowane ɗa ya ɗauki wani abu daga gare shi: wani ya haddace, wani ya zama liman, wani ya bi fataken Kano harkar shadda da atamfa. Shitu kuwa shi da karatu gaisawa suka yi suka rabu lafiya. Abu ɗaya tak ya iya, dafa tawada. Ya san ƙaron da ake jiƙawa, ya san baƙin da ake kankarowa daga gindin tukunya, ya san lokacin saukewa. Tawadarsa baƙa wuluk, in ta bushe ba ta tsagewa. Malam yakan dubi allunan ɗalibai ya dubi ɗansa ya ce, “To, kai ma dai ba a banza ka zo duniya ba.” Bawan Allah bai san inda maganarsa za ta kai ba.

Da aka ga zaman makaranta ɓata tabarma kawai yake yi, aka kai shi garejin wani Bamoshe, ɗan ƙabilar garin, a unguwar Widi ya koyi wayar mota. A can ya gano babban ilimin da ya ci abinci da shi har furfura. Bin waya a gano ciwo yana cinye yini, a ƙarshe mai mota ya tafi yana tsaki. Zare ƙwan fitilar da ke bayan alamar da ta kama a tablo kuwa ko shayi bai tafasa ba an gama, mai mota ya tafi yana sa maka albarka har da iyayenka. Mutum kuwa in ana sa masa albarka a kan abu, wa zai ce masa ya bari?

Shekaru suka shuɗe. Aka rushe tsohuwar unguwa, Shitu ya kwaso kwanon rumfarsa ya sake kafawa inda take yanzu. Sai Turawa suka ɓullo da sabon wayo: suka daina sa ƙwan da ake zarewa, suka koma liƙa 'yan mitsi-mitsin fitilu kamar ƙwayar gero a jikin allon. Masu sana'ar suka shiga uku. Wasu suka koma manna baƙin salatif, rana ta narkar da shi ya zame, wuta ta leƙo ana tsakiyar ciniki, dillali ya rasa inda zai sa fuskarsa. A nan ne ɗan malam ya tuna gadonsa. Ya dafa tawada, ya feƙe alƙalamin kara, ya kwance tablo, ya shafe bayan alamar da ake son ta yi shiru. Ya shanya, ya ƙara shafi, ya mayar. Babu ƙarce, babu tabo, sauran fitilun suna nan lafiya lau. Tun daga ranar dillalai suka daina kiransa Shitu kawai, sai Malam Shitu. Abin da karatu ya kasa ba shi, mota ta ba shi.

Kada ka ɗauka mugu ne, wai. Sahun farko yake sallah, kuma zai iya rantsuwa bai taɓa yi wa kowa ƙarya ba. Bai taɓa ce wa mutum motarka lafiya take ba. Abin da yake cewa shi ne, “Tablonka fes,” kuma fes ɗin ne. In wani mai bin diddigi ya tambaya, amsa tana nan a shirye: “Wutar nan ba ta san ƙasarmu ba. Don ƙanƙara aka yi ta. Ta ga ƙurarmu ce ta ruɗe.” Ya maimaita wannan magana har shi kansa ya fara jin tausayin wutar.

A gida ba wanda ya taɓa tonawa. Matarsa Zalissa ta san mijinta mai gyaran wutar mota ne, cefane yana zuwa, shi ke nan. 'Ya'ya kuwa a cikinsu akwai wadda ta riƙe masa zuciya, Iyatu, mai sunan mahaifiyarsa, wadda ba ya iya kiran sunanta sai dai ya ce Uwata. Tana ƙarama, in zai dafa tawada, ita ke zama kusa da murhu tana juya masa ƙaro da tsinke, tana murna Babanta bai bar gadon malanta ba. Ta girma, ta yi karatun ungozoma, ta yi aure, mijin yana can Abijan yana nema, ita kuma aka tura ta aiki Boromo, a kan hanyar Bobo. Duk ƙarshen mako tana zuwa Wagadugu da 'yarta Ladidi a goye cikin kar, motar haya mai cunkoso, ran Lahadi ta koma. Duk inda ta zauna kuwa sai ta faɗa, Babanta ba wutar motar da ta gagare shi.

Wata Juma'a cikin tsakiyar zafi, lokacin da kwalta ke laushi a ƙarƙashin takalmi, wata 'yar jar mota ta tsaya a gaban rumfa tana ta oda. Iyatu ce a ciki, dariya har kunne. Ta yi zubin adashi, mijin ya cika, ta je wurin masu sayar da mota ita kaɗai ta zaɓo, ba ta gaya wa Baba ba don tana so ta ba shi mamaki. To ta ba shi.

“Baba, shigo in zaga da kai,” in ji ta. “Yau ni ce direbanka.”

Ya shiga da bisimilla, ya zauna yana shafa kujera, ƙirjinsa cike da alfahari. Ta kashe motar don ta nuna masa yadda take tashi bugu ɗaya. Ta murɗa makulli. Duk mota, in aka murɗa makulli, fitilunta sukan kama gaba ɗaya na ɗan lokaci, su nuna suna raye, sannan su mutu ɗaya bayan ɗaya. Mutane ba sa kallo. Shitu kuwa idonsa ya saba, ko bai so ba sai ya bi su. Ta mai ta kama, ta batir ta kama, ta birki, ta inji. Can gefen hagu, inda 'yar rawayar nan mai kama da buɗaɗɗen tulu da tsinke a ciki ya kamata ta fito, wadda ke faɗa wa direba iskar taya ta ragu, babu komai sai baƙi. Baƙi mai kyau, mai santsi, aikin gwani.

Ya kawar da idonsa daga tablon. Ta zaga da shi har Widi ta dawo tana ta ba shi labari, shi kuwa ba abin da yake gani sai hanyar Boromo: kwalta mai zafi, manyan motocin kaya suna wucewa kamar za su ɗauke ka, taya tana shan iska a hankali ba wanda ya sani, tana ɗaukar zafi, har ta gaji ta fashe, Uwata a gaba, Ladidi a baya. Ya san yadda abin ke faruwa. Ya sha jin labarinsa a rumfa ana cewa ƙaddara ce, shi ma yana taya su cewa ƙaddara ce.

“Uwata,” ya ce da suka tsaya, “bar mini ita zuwa Lahadi in ɗan dudduba.”

“Ai dama don haka na kawo ta. Wa gare ni in ba kai ba?”

Washegari da sassafe ya fara, kuma ya fara da inda ya san ba nan ba ne. Ya buɗe akwatin fis ya zare su ɗaya-ɗaya yana ɗagawa sama yana kallo, yana roƙon Allah ya sa a samu wanda ya ƙone. Duk lafiyarsu lau, marasa kunya. Ya bi waya, ya jijjiga soket, ya hura, ya mayar. Ya ce wa kansa wataƙila irin wannan motar ba a yi ta da wutar taya ba tun asali. Ya haska fitilar wayarsa a jikin gilashin, sai ga zanen tulun nan a kwance cikin duhu yana kallonsa. Da dabara ta ƙare ya kwance tablon ya juya bayansa.

Ko bai gani ba hancinsa ya gaya masa, don ƙaro yana da ƙanshinsa. Shafi ne mai kauri, an zagaye gefe da bakin alƙalami yadda ko ɗigon haske ba zai tsere ba. A duk faɗin Wagadugu hannu ɗaya ne ke wannan aikin. Ya yi ta ƙoƙarin tuna ranar da jar motar nan ta zo rumfarsa, da dillalin da ya kawo ta, ya kasa. Jajayen motoci nawa suka wuce ta hannunsa? Bai taɓa kallon mota ba, balle ya yi tunanin wanda zai zauna a cikinta. Bayan allo kawai yake gani.

Ya ɗebo ruwa a murfin buta, ya naɗa auduga a tsinke, ya zauna yana wanke abin da ya rubuta. Tawada dai ba ta gardama da ruwa, ta narke ta bi audugar. Ya mayar da tablo, ya murɗa makulli. Tulun ya kama, rawaya shar. Wallahi sai da ƙwalla ta zo masa. Mutumin da ya tsufa yana kashewa, yau ya kunna guda, har ya waiga ko akwai wanda ya gani.

Murnar ba ta je ko'ina ba. Sauran fitilun suka mutu, ita kuwa ta kama ƙyaftawa, ta yi ta ƙyaftawa, sannan ta tsaya cak ta ƙi mutuwa. Ya tuƙa zuwa wurin Maliki mai faci a kwanar masallaci, aka auna tayoyin. Ukun ba laifi. Ta baya ta hagu kuwa ta sha kusan rabin iskarta, amma a ido tana tsaye ƙyam kamar ba ita ba. Da wannan tayar kuwa Iyatu ta zaga da shi jiya. Aka cika, aka daidaita. Wuta tana nan. Ya nemi maɓallin da ake dannawa mota ta manta, ya danna har yatsa ya yi ciwo. Ya cire kan batir, ya jira, ya mayar. Ta ƙyafta masa ido ta sake zama.

“Malam Shitu, yau kuma wutar ce ta gagare ka?” in ji Maliki. “Ko kwalbar ce ta ƙare?”

“Buɗe mini tayoyin nan, ka bar surutu.”

Aka buɗe. A irin wannan mota kowace taya tana da ɗan abin auna iska maƙale a gindin bawul daga ciki, masu gareji suna ce masa kafta, shi ne ke aika wa tablo labari. Tayoyi uku babu ko ɗaya, bawul ɗin roba ne na kowa da kowa. Ta huɗun akwai, amma an fasa masa kai da ƙarfen cire taya, ga shi nan yana lilo. Maliki ya ɗaga kafaɗa ya ce ai cirewa suke yi su yar, yana hana aiki, kuma ba wanda ya taɓa dawowa ya tambaya. Ya kuma nuna masa bakin ƙarfen tayar baya inda ya ɗan lanƙwashe, ya bubbuga da guduma ya ce ta gyaru, in Allah ya so. Shitu ya san nauyin wannan in Allah ya so ɗin, shi ma yana sayar da irinsa.

Sai ya shiga kasuwar kayan mota neman kafta. Kai, ranar ya ga duniya. Shago na farko yaron shago ya ɗauka sunan magani ne. Na biyu aka kawo masa wani abu na injin wanki. A na uku ya tarar da wani tsohon abokin hulɗa, wanda ya saurare shi har ƙarshe sannan ya tuntsire da dariya har yana riƙe kanta.

“Malam Shitu, tsakaninka da Allah, wa zai sayi kafta a garin da kake raye? Ai kai ne ka sa muka daina kawowa.”

Mutumin dai ya yi alkawari zai sa a nemo daga Lome, in an samu, in direba bai manta ba. Kuma ko sun zo sai an kai motar wurin masu baliz, na'urar nan da ake jona wa mota, a gabatar mata da su ɗaya-ɗaya kafin ta yarda ta saurare su. Shitu bai taɓa riƙe baliz ba. Me zai yi da ita? Baliz tambayar mota take yi me ke damunta, shi kuwa bai taɓa son jin amsar ba.

Ran Lahadi Iyatu ta zo ɗaukar motarta, ta murɗa makulli, ta ga rawaya, ta jira ta mutu, ta ƙi.

“Baba, wannan fa?”

“Ta iskar taya ce. Bar ta haka tukuna, akwai kayan da na sa a kawo. Ki riƙa tsayawa ana auna miki iska, musamman ta bayan nan. Kafin ki tashi, da kuma in kin kai rabin hanya.”

“To in iskar ta ragu, ya za ta nuna mini, tunda ga ta a kunne tun yanzu?”

Tambaya ce mai kyau, irin wadda ya yi shekaru yana addu'ar kada mai mota ya yi masa. Ya ce ta dai bar ta. Ta yi dariya ta ce ta kawo masa tablo fes ya mayar mata da mai fitila, amma tunda Baba ne ya faɗa, shi ke nan. Yana da damar ya gaya mata komai a lokacin. Bakinsa ya buɗe, sai ya ji yana cewa Allah ya kiyaye hanya.

Makon nan bai ji daɗin tuwo ba. Kira yake yi har ta fara amsawa da “Baba, ina ɗakin haihuwa.” Zalissa ta gaji ta ce masa da yarenta yel ka be, ba komai, yarinya ta yi mota sai ka ce ta shiga soja. Motocin dillalai kuwa ba su daina zuwa rumfa ba, kuma kada ka yi tsammanin an kore su. Ya shafe musu, yana shafawa yana istigfari, aikin dai ya fita fes kamar kullum.

Da Iyatu ta dawo, ƙorafi ta kawo. Wutar tana shiga mata ido. Abokan aikinta sun sa ta a gaba, wai 'yar mai gyaran wutar mota ce ke yawo da fitila a tablo. Wani direban asibiti har ya ce mata a Wagadugu akwai masu kashe irin wannan kafin a gama gaisawa. Ta ce masa in da abin kashewa ne da Babanta ya kashe. Shitu ya haɗiye wannan ma, ya ce kayan Lome suna hanya. Ya tambaye ta ko tana auna iskar. Ta ce ta auna sau ɗaya, ran nan kuma ta makara.

Lahadin da ta biyo baya, bayan azahar, jar motar ta tsaya a ƙofar gida. Iyatu ta shigo sallama, ta miƙa wa Zalissa Ladidi, ta durƙusa ta gaida Baba, fuskarta wasai.

“Baba, na hutar da kai. Ka ce wa mutumin Lome ya bar kayansa. Jiya na biya ta unguwar Sisin wurin Safwan, ya gyara.”

Safwan dai a rumfar Shitu ya koyi aiki, yanzu ya zama magidanci mai shago da ƙofar gilashi. Ba ya wahalar dafa tawada, ya ce wannan aikin tsofaffi ne. Ƙarfen darma yake sawa ya ɗauke 'yar fitilar ɗungurungum ya jefa a kwata. Ci gaba ke nan. Abin da Safwan ya kashe ba ruwan da ke dawo da shi.

“Ya buɗe taya?” in ji Shitu.

“A'a, tablo kawai. Ko ruwan da aka kawo mini ban shanye ba ya gama. Ya ƙi karɓar ko sisi, wai 'yar maigidansa ce ni. Ya ce in gaishe ka, duk abin da ya iya a wurinka ya samu.”

Shitu ya miƙe. Ya ɗauki ashana a kan taga ya fita. Ya tsuguna a gindin tayar baya, ya kwance murfin bawul, ya danna tsinken ya riƙe. Iska ta kama fita da shewa. Iyatu ta biyo shi, Zalissa a bayanta da yarinya a kafaɗa, maƙwabta suka fara leƙowa.

“Baba, lafiya? Tafiya fa zan yi, rana tana yi.”

Bai ɗago ba. Gwiwoyinsa suna ciwo, tsinken ya karye ya sa wani, har motar ta karkata, tayar ta kwanta ƙarfe ya kusa taɓa ƙasa. Sannan ya dafa motar ya miƙe ya buɗe mata ƙofa.

“Shiga, Uwata. Tayar da ita.”

Ta shiga don ba ta saba yi masa musu ba. Ta murɗa. Fitilu suka kama, suka mutu ɗaya bayan ɗaya, inji yana ta kaɗawa lafiya lau. Tablo fes.

“Me ta ce miki?”

“Ba ta ce komai ba.”

“Ko Boromo kika kai a haka, ba za ta ce ba. Wannan shi ne gyaran Safwan.”

Ta leƙo ta taga ta dubi tayar, ta sake duban tablon. Yarinya ce mai kai, ba a banza ta yi karatu ba, kuma yau kam ya so a ce ba ta da shi.

“Amma Baba, ranar da na saye ta ma haka take. Babu wutar.”

“Haka ne.”

“Wancan ma Safwan ne?”

“Safwan ba ya aiki da tawada.”

Ta kashe motar. Ta daɗe tana kallon hannunta a kan sitiyari, hannun da ya sha juya ƙaro a bakin murhu. Da ta yi magana muryarta a kwance take, irin wadda take yi wa dangin mara lafiya.

“Wace da wace kake shafewa, Baba?”

“Wadda aka ce in shafe.”

“Har ta birki?”

Ya dubi ƙafafunsa. Zalissa ta gyara wa yarinyar zama a kafaɗa ta koma cikin gida, maƙwabtan da suka leƙo kowa ya tuna yana da aiki.

Iyatu ba ta yi ihu ba, ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta fito ta buɗe but ta sauke jakarta da ledar tsaraba. Ta shiga ta karɓo Ladidi ta goya ta, ta ɗaure zani tamau kamar yadda take yi kafin ta yi mota. Ta tsayar da tasi ta ce tashar Bobo.

“Uwata,” ya ce, “bar mini makullin. Zan nemo wani tablon in sa miki. Kayan Lome ma suna zuwa, zan kai ta wurin masu baliz da kaina, zan tsaya a kansu.”

“Bari kawai, Baba, kada ka wahalar da kanka. In na dawo zan kai wa mai gyara.”

Ta kulle motar, ta ja kowace ƙofa ta tabbatar, ta jefa makullin a jaka ta zuge. Sannan ta durƙusa har ƙasa da goyonta, ta ce a yi mata addu'a, ladabinta cif ba abin da ya ragu. Ya sa mata albarka. Idonta dai bai zo inda nasa yake ba.

Abin da ya nema ya samu. 'Yarsa da jikarsa suna cikin kar, ba za su hau kwaltar Boromo a kan tayar da ba mai tsaronta ba, kuma ya gode wa Allah da gaske. Amma zuciyarsa ta yi masa nauyin da bai taɓa ji ba tun rasuwar mahaifiyarsa. Ya aro famfon ƙafa wurin Maliki, ya dawo ya tsaya a rana yana takawa, gumi na bin gemunsa, har tayar ta miƙe. Ya auna, ya ƙara kaɗan, ya mayar da murfin bawul ya ɗaure. Sannan ya jawo benci ya zauna kusa da motar da aka kulle don kada ya taɓa.